Takin da Na Aika Gaffati

A gidan da na tashi, cikin garin Damagaram, ba a zubar da shara, tara ta ake yi. Akwai wani lungu a bayan madafa inda mahaifiyata take jibge toka da kashin awaki da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, da duk abin da tsintsiya ta kwaso daga tsakar gida. Kaji ne kaɗai ke da izinin tona wurin. In rani ya yi nisa, sai wani manomi ya taso daga ƙauyensu a ƙasar Gaffati da amalankensa na shanu biyu, ya kwashe jujin tas, ya kai gonarsa ya watsa. In kaka ta yi kuma mu ji sallamarsa a ƙofar gida, an jera dammunan gero a kan amalanken. Haka gidajen birni da yawa suke yi da mutanensu na ƙauye, kowa da nasa.

Namu mutumin Baba muke ce masa. Ba jini ne ya haɗa mu ba. Lokacin da aka tura mahaifina koyarwa ƙauyensu, yana saurayi, baƙo, kuma Kirista, Baba ne ya share masa ɗaki a gidansa, shi ne ya riƙa aika masa da fura. Daga nan abota ta ƙullu har ta zama zumunta. Da Kirsimeti shi da matarsa, wadda muke kira Inna, sukan zo su ci shinkafarmu. Da Layya a aiko mana da cinyar rago. Ban taɓa jin wani ya tsaya yana auna wa ya fi ba wani ba.

Mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta bi shi. Ni kuma na zama malamar makaranta, na yi aure, muka gina gida a wata sabuwar unguwa a bakin gari. Zumuntar ta faɗo kaina, har da zancen juji. Matsalar ita ce gidana ba ya tara taki. Da gas nake girki, ba ni da akuya ko ɗaya, hatsina a niƙe yake shigowa. Baba zai koro shanunsa tun daga ƙauye ya tarar da abin da bai cika baro ba, ya kwashe, ya yi ta godiya kamar an ba shi raƙumi da kaya. In kaka ta yi kuma bai taɓa rage dami ɗaya daga abin da yake kawo wa mahaifina ba. Kunya ta riƙa cina duk shekara.

A daidai ƙofar gidana kuwa akwai wani fili da mai shi ya saya ya manta da shi. Kun dai san halin mutane da filin da ba katanga. Kafin a ce me, ya zama jujin unguwa. Mata su zubar da sharar gida, masu shago su zubar da leda da kwalabe, masu gareji su tuttule baƙin man da suka juye daga injin mota. A gefe kuma wasu mutane suna fasa tsofaffin baturan mota su cire dalmar ciki su narkar, sauran su watsa kan jujin. Ni kuwa Allah ya ba ni baki, ban kuma taɓa yi masa rowar aiki ba. Na yi faɗa da matan, na yi da masu gareji, na yi da masu batura har suka laƙaba mini sunan da ba zan rubuta a nan ba. Maigidana yakan ce in bar su in huta. Jujin dai bai fasa girma ba, har ya fi katangarmu tsawo.

A shekarar da za a yi bikin 'yata ta fari abin ya kai mini iya wuya. Baƙi za su zo daga Maraɗi da Yamai, ga ƙudaje, ga wari. Ina tsaye ina masifa wata safiya sai wani direban kamiyo, wato babbar mota, da ke jigilar yashi ya tsaya yana dariya.

"Madam, ai dukiya ce kike kuka da ita," in ji shi. "Manoma roƙonmu suke mu juye musu irinta. Ki zuba wa motar man gazuwal kawai, ki nuna mini gona."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Ƙofar gidana za ta yi fes, Baba kuma zai sami takin da bai taɓa samu ba ko a zamanin mahaifina. Har wani daɗi na ji, irin na mutumin da ya gano dabarar da ta gagari kowa.

Ba zan ce ban san abin da ke cikin jujin ba. Ni ce fa na yi shekaru ina zagin masu zuba shi, kowane abu da sunansa. Amma akwai maganar da na tashi da ita a bakin mahaifiyata: ƙasa ba abin da ba ta ci. A zamaninta gaskiya ce, don ƙwarya ce da tukunyar yumɓu da tsumman auduga, in sun ƙare su koma inda suka fito. Da wannan maganar na rufe ido. Na aika wa Baba saƙo, ya ce madalla. Shi ma bai tambayi me ke ciki ba, don ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar taki daga ɗiyar amini. Ya nuna wa direba gabashin gonarsa, inda ƙasa ta fi gajiya, kamiyo ya yi ta sawu har jujin ya ƙare.

An ce Baba har zagayawa ya riƙa yi da maƙwabtan gonarsa yana nuna musu tsibin, suna jin haushin ba su da 'yar birni irin tasa. Ranar biki ya zo da zabi a ɗaure, ya tsaya gaban baƙina yana sa mini albarka. Na sha yabo ranar nan, na kuma karɓa hannu biyu.

Damina ta zo ta wuce, ban leƙa ƙauyen ba. Da kaka dammuna suka zo kamar kullum. Sai da rani ya sake yin nisa na lura Baba bai zo kwashe ɗan jujina ba. Maimakonsa Inna ce ta sauka daga motar kasuwa, da ƙullin busasshiyar yakuwa da kuɓewa a kanta.

"Ina Baba, Inna? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Amalanke ne ba ya tafiya da sa guda."

Sai da na yi ta jan bakinta sannan ta faɗa. Ɗaya daga cikin shanun ya yi ta ramewa, ciki kumbure, ba ya tuƙa, har aka yanka shi don kada ya mutu mushe. Da mahauci ya farke tumbin, dunƙulen leda ya ciro wanda sai da ya sa hannu biyu. A cikin gonar ne san ya yi ta kiwo bayan girbi. Baba ya hana a gaya mini. Inna ta kwance ƙullin ta tura gabana, ta ce, "Wannan kuma albarkar takinki ce. A gabashin gonar na shuka, ban taɓa ganin yakuwa ta yi kore irin haka ba."

Da hutun makaranta ya zo na tafi na gani da idona. Ban san yadda zan kwatanta ba, sai dai in ce gonar ta yi furen leda. Baƙa da fara, ta maƙale a kowane kututturen kara, iska ta kwashi wasu ta rataye a ƙayoyin maƙwabta. Ka sa hauya ta ci karo da kwalba. Babban ɗan Baba yana ɗingishi, fasasshen gilashi ya yanke shi a dunduniya. A tsakiya akwai wani wuri mai faɗi da ya yi baƙi ƙirin, ya daskare kamar daɓe, yana warin gareji, ko ciyawa ba ta fito ba. Can ƙarshen gabas ne kawai ƙasar ta yi kyan gani, inda Inna take shuka kayan miyarta. Baba yana biye da ni yana ba ni haƙuri, wai shi ne bai iya watsawa daidai ba.

Akwai wani malamin gona da muke sujada tare a majami'a. Na roƙe shi, ran Asabar ya ɗauke ni a babur muka koma. Ya zaga, ya tona nan, ya shinshina can. Da muka isa wurin Inna ya sa felu, sai ga ɓaraguzan batura suna fitowa, da wasu faranti masu launin toka da ke marmashewa a hannu. Ya ɗebi ƙasar a jaka, ya ce zai aika a auna. A hanyar dawowa ya tsayar da babur ƙarƙashin wani gawo ya yi mini bayani. Leda aiki ce kawai, a tsince. Baƙin mai yana ruɓewa in an ba shi iska da taki da lokaci. Dalma ce ba ta ruɓewa. Tana nan cikin ƙasa, tana hawa ganye, tana bin ƙura zuwa bakin yara, ba ta da ɗanɗano, ba ta kuma nuna kanta sai ta yi ɓarna. Ba a jima ba ya same ni bayan sujada ya ce awo ya dawo, abin da ya ji tsoro shi ne. Kada a ƙara cin komai daga ƙarshen gabas.

A nan ne na fi jin nauyin kaina har yau. Ran nan na koma gida na ɗauko ƙullin Inna na zubar, na wanke kwanon da na juye shi a ciki da sabulu har sau ba adadi. Amma ban tafi ƙauye ba. Na ce sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce sai zafi ya ragu. Ni da ba na kwana da magana a ciki, ni da nake gaya wa mai gareji gaskiya a tsakiyar titi, sai ga ni ina neman dalili. Na kare bakin 'ya'yana a yini ɗaya, jikokin Inna kuwa suna can suna shan miyar yakuwa daga tulun da ta adana. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, haka ake cewa. Ni na ja nawa, na shige ɗaki, yana dukan wasu. Ruwan farko ne ya tashe ni, don na san washegari Inna za ta fita da irinta.

Muka je da malamin gona. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, Baba da 'ya'yansa maza suka zauna, Inna tana daga bakin zaure. Malamin ya yi bayani a hankali. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya gyara zama.

"Malam, na ji karatunka," ya ce. "Amma ni tun ba a haife ka ba nake noma. Ƙasa mai guba ba ta ba da kore. Wurin da ya ƙone na yarda, ido ya gani. Wurin da ya fi ko'ina kyau kuma ka ce in bar shi? Ka san bakin nawa ke ci daga gonar nan?"

"Baba, ba a ganinta da ido."

"To abin da ba a gani, Allah ne maganinsa. Kuma ban ji daɗi ba ka zo har ƙofar gidana ka kushe kyautar ɗiyar aminina a gabanta."

Wannan ce ta fasa ni. Da zagina ya yi da na iya ɗauka. Amma ga shi yana kare ni, yana kare abin da ya kashe masa sa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga murya a kan dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗa ina jaririya, a gaban 'ya'yansa. Na ce ba kyauta ba ce, shara ce, na san abin da ke ciki, na kwashe ta ne don baƙina kada su toshe hanci, kuma yakuwar da aka kawo mini na zubar da ita tun tuni ban ci ba. Na ce in yana son ya kashe jikokinsa don kunyata, to ni ba na so. Baba ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa, 'ya'yansa suna kallon ƙasa.

Inna ce ta motsa. Ta shiga gida, ta fito da tulun busasshen ganyen, ta ajiye gaban malamin gona.

"Tun yaushe kika zubar da taki?" ta tambaye ni.

Na faɗa mata.

Ta dube ni. Da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Sai ta juya ga mijinta. "Malam, kai ka yi ta gardamarka. Wurin miya nawa ne, ni kuma na bar shi." Ta ɗauki fartanya ta nufi gona, ta tuge 'yan tsiron da suka fito da kansu daga irin bara.

Muka kai jikokin asibiti a birni aka duba su. Likita ya ce a raba su da wurin, a ba su abinci mai kyau, a sa musu ido. Suna nan sun girma. Amma ni malama ce, in na ga ɗaya daga cikinsu ya jinkirta wajen haɗa baƙi, gabana yakan faɗi, ba ni kuma da wanda zai ce mini e ko a'a.

Daga nan aiki ya fara, kuma ba aikin damina ɗaya ba ne. Na so a kawo katafila a kankare komai a wuce wurin. Malamin gona ya tambaye ni, "A kai ina, Madam? Gonar wa?" Ya ce abin da za a iya warkarwa a inda yake, a warkar da shi a nan, da abin da ƙauyen ke da shi.

Da rani Baba ya kira gayya. Mutanen ƙauye suka fito, ni ma na kwaso matan majami'armu a mota, waɗanda suka yi ta yi mini tsiya a hanya wai na gayyace su biki na biyu. Muka aro manyan rariyoyin magina, maza suna zuba ƙasa da felu, mata muna tsince leda da kwalba da tsofaffin pil, wato baturan tocila. 'Ya'yan Baba suka so a tara ledar a cinna mata wuta. Malamin ya hana, ya ce hayaƙin da tokar sabuwar cuta ce. Aka ɗura a buhuna aka mayar birni. Wasu mun kai wa masu narkar da leda suna yin tubalin daɓe da ita. Sauran da suka ƙi karɓa, in faɗi gaskiya, ban san inda suka ƙare ba, kuma ina zargin wani jujin ne.

Baƙin wurin nan na mai shi ya fi cin ƙarfi. Aka farfasa shi da diga, aka gauraya da kashin shanu da karan gero da ƙaiƙayi, aka bar wa gara ta yi nata aikin. Baba ya shirya da wani Bafulatani ya riƙa kwana da garkensa a yammacin gonar bayan an tsince ta, ana kwaso takin ana ƙarawa. Aka haƙa ƙananan ramuka don su riƙe ruwan sama. Duk bayan 'yan makonni a sake juya ƙasar ta sha iska. Inna da ni muka zama abokan aikin wurin. Duk Asabar da na samu ina can. Ba ta taɓa tayar da zancen tulun ba, sai dai ta yi ta yi mini dariya yadda nake riƙe fartanya kamar alli. Hannuna ya yi kanta, ɗalibaina suna tambayata ko dakan hatsi na koma.

A hankali warin gareji ya ragu, baƙin ya koma ja-ja. Wata damina Inna ta kira ni ta nuna mini wani abu da yatsar ƙafa. Ƙarangiya ce ta tsiro. Ciyawar da na tsana tun ina yarinya, mai maƙale wa mutum a zane, ita na durƙusa ina kallo kamar an yi mini haihuwa. Bayanta tafasa ta fito. Malamin gona ya sake ɗiban ƙasa, ya ce a ƙara haƙuri. Sai a wata shekarar ya yarda a shuka gero. Baba ya ga wannan geron, ya kuma sha furarsa. Ranar ya ce mini, "Ɗiyata, kin gani ko? Takinki ne, jinkiri kawai ya yi." Har ya koma ga Allah bai yarda ya kira shi da wani suna ba.

Ƙarshen gabas kuwa ba a warkar da shi ba, tsare shi aka yi. Muka jiƙa ƙasar don kada ta yi ƙura, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle, aka kankare saman da ɓaraguzan baturan. Aka haƙa rami mai zurfi nan gefe, nesa da rijiya, aka shafe shi da laka mai kauri, aka zuba, aka rufe da wata lakar. Sauran wurin aka lulluɓe da sabuwar ƙasa da taki, aka dasa gamba don saiwarsa ta riƙe ƙasar kada iska ta ɗauka, aka jera bishiyoyin bedi, wato dogon yaro, aka kewaye da ƙaya don dabbobi. Ba shuka abinci, ba kiwo. Na tambayi malamin har yaushe. Ya ce shi dai bai ga ranar ba, mai yiwuwa ba a zamaninmu ba. Wurin ya kai wajen abin da gida guda zai noma ya ci wata da watanni, kuma abin haushin, ya fi duk gonar kore.

Bara waccan Baba ya rasu, da sanyi, bayan gajeriyar jinya. Na je gaisuwa, na zauna cikin mata har aka yi sadakar uku. Rabon gado ba huruminmu ba ne, ban kuma tambaya ba. Sai daga baya labari ya iske ni a birni: an raba gonar, 'ya'ya kowa ya sami nasa a yamma da tsakiya, Inna kuma an ba ta tumuninta a ƙarshen gabas, cikin ƙaya.

Ban tsaya neman babur ba, motar kasuwa na hau. Tun daga hanya nake shirya abin da zan gaya wa 'ya'yan nan. Tsohuwar da ta haife ku, ta yi shekaru tana tsince leda a gonar ubanku, ita za ku jefa wa wurin da ba a ci? Na tarar da babban a ƙofar gida, na fara tun kafin in gama sallama. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Yaya, ki je ki tambaye ta. Tana gona."

Na same ta cikin shingen, ta sunkuya tana yankan gamba da lauje. Ta rame, bayanta ya ƙara lanƙwasa. Na ce ta ajiye, mu koma gida, yau sai an sake rabon nan ko a gaban alƙali ne.

"Zauna, 'yar nan, kin cika zafi," ta ce. "Ba wanda ya ba ni. Ni na ce a ba ni."

Na tambaye ta dalili.

"Liman ya ce a yanka wurin a raba wa kowa kaɗan-kaɗan, kada a cuci wani. Na ce a'a. In an raba, kowa da ɗan yankinsa a jikin gonarsa. Matan yaran nan ƙuruciya gare su, ba su ga abin da muka tono ba. Shekara ta yi wuya, su ga wuri ya yi kore shar, wata za ta janye ƙaya ta jefa kuɓewa, ta ce ai ɗan kaɗan ne. Ba zan ga laifinta ba, yunwa ba ta jin bayani. Amma in nawa ne, ba mai shiga sai da izinina."

"To ke me za ki ci, Inna?"

"Gamba zan sayar wa masu saƙar zana. Bedi in ya yi kauri a sare sandunan rufi. Tuwo kuma 'ya'yana ba za su hana ni ba." Ta gyara riƙon laujen. "Na so dai a ce ina da inda zan shuka abin miyata da hannuna, kamar kowace tsohuwa. To, bai yiwu ba."

Tun ranar da kamiyo ya bar ƙofar gidana ba wanda ya gaya mini a fili abin da na raba shi da shi, sai ran nan. Ba da faɗa ta faɗa ba, ko kallona ba ta yi. Na zauna a ƙasa cikin gamban na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a rasuwar Baba. Na ce zan nema mata wani wuri, zan saya, zan aro. Ta ce ta ji, Allah ya ba da iko, amma ko an samu, wannan ɗin ba za ta sake shi ba, don dole wani ya zauna a bakinsa.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta miƙo mini laujen, ta dafa ƙugu ta miƙe da ƙyar, ta ce bayanta ya gaji, in ƙarasa mata layin nan kafin rana ta yi zafi.